Hoton Gwaggo a Bakin Kwata

Bayan na gama makaranta na daɗe ina zaman kashe wando a unguwarmu ta Nima. Wata rana maƙwabcinmu ya ce wata ƙungiya mai koya wa mutane noman lambu da takin gargajiya tana neman wanda zai riƙa rubuta wa Turawa wasiƙun neman tallafi. Na goge rigata, na tafi ofishinsu a Alajo.

Na tarar da manajan yana cin gasasshiyar kaza. Da hannun nan nasa mai maiƙo ya turo mini wani hoto, ya ce in rubuta abin da zai sa mai karatu hawaye.

Ina dubawa sai na ga gwaggona, mai sayar da shinkafa da wake a Mamobi, wadda rabin unguwa ke karyawa a rumfarta. An zaunar da ita a bakin kwata, ba ɗankunne, ba takalmi, tana riƙe da kwano wayam.

Na ce, "Yallaɓai, matar nan ba ta rasa abinci ba."

Ya tsotsi yatsa ya ce, "Mun sani. Fuskarta ce ta dace. Rubuta cewa ta kwana uku ba ta ci ba."

Na ajiye hoton na fita, ko sallama ban yi masa ba.

Da yamma na tambayi Gwaggo yadda aka yi 'yan ƙungiyar suka ɗauke ta hoton. Ta yi dariya ta ce hoton kalanda suka ce mata, har ta cika musu kwano kafin su tafi. Na kasa gaya mata gaskiya sai bayan sati guda.