Tayar da Ba Ta Faci

Har yau idan na ji wani yana yabon tayar nan da ake kira ranfilat, sai in tashi in ba shi wuri. Na san ta, na zauna a kanta, ta kuma yi mini abin da ban yafe ba.

Muna zaune a ƙasar waje lokacin, a wata unguwa da ake kira Setapak, maigidana yana karatun digiri na uku. Abokansa sun fara kiransa Dakta tun bai gama babi na biyu ba, shi ma yana amsawa, Dakta kuwa ba ya cunkoso a jirgin ƙasa da 'yan aji ɗaya. Sai ya sayi wata tsohuwar motar Jamus a hannun wani Balarabe da zai koma gida. Abin da ya fi burge shi a jikinta shi ne taya. Wai gefenta mai kauri ne, ko iska ta fita tana iya ɗaukar mota zuwa wani ɗan wuri. Shi kuma ya fassara wannan da tasa Hausar, ya ce ba ta faci. Haka yake gaya wa kowa a bakin masallaci ranar Juma'a, yana dukan ta da takalmi kamar shi ya ƙera ta.

Ranar da na buɗe but ban ga safaya ba, ban ga jak ba, na tambaye shi. Ya kalle ni irin kallon da ake yi wa ɗan ƙauye, ya ce, "Wa ke yawo da safaya yanzu? Technology ne, Madam."

Umma, mahaifiyata, ta zo daga Kano don haihuwata ta fari. Ita ta yi mini wankan jego a ɗan banɗakinmu na saman bene, da ruwan da take dafawa a tukunyar taliya. Bayan arba'in bizarta ta kusa ƙarewa, mu kuma ba mu da ranar komawa gida sai karatu ya ƙare. Abu ɗaya na sa a raina: in raka ta filin jirgi, in zauna kusa da ita har a kira su, in faɗa mata abin da kunya ta hana ni faɗa a gida.

Tayar nan tauri ne da ita kamar an yi ta da itace. Duk ramin da ke titin Setapak sai ta isar da shi har ƙugunka, ni ga ɗinki bai gama warkewa ba. Umma takan riƙe ƙofa kawai, don ba za ta kushe motar suruki a gabansa ba.

Ana saura 'yan kwanaki tafiyar, wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Na ce, "Dakta, wannan fa?" Ya ce, "Sensor ne kawai, rabu da shi." Ya fita ya zagaya motar, ya ga tayoyi a tsaye ƙyam, ya dawo yana murmushi. Munafuncin tayar ke nan. Tayar kirki idan ta sace sai ta kwanta kowa ya gani, wannan kuwa cikinta fanko ne amma tana tsaye tana yaudarar mutane. A kanta ya je makaranta, a kanta ya je shan shayi wurin mamak, wato masu shayin can, a kanta muka je titin kasuwa na Jalan Tuanku Abdul Rahman muka ciko mayafai da yadudduka na tsaraba.

Ranar tafiya da la'asar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba mu yi nisa a babban titi ba motar ta fara kaɗawa, warin roba ya cika ciki. Zan faɗi gaskiya ɗaya a kanta: ba ta fashe ta watsar da mu ba, ba ta kuma bar mu tsaye a tsakiyar manyan motoci da jaririya ba. Ta ja mu a hankali har wani shagon taya. Iyakar alherinta ke nan, kuma da ba ta ɓoye ciwonta ba tun farko da ba mu buƙace shi ba.

Mai shagon ya duba ya girgiza kai, ya ce, "Tak boleh, boss," wato ba zai yiwu ba. Irin wannan idan an yi ta tafiya a kanta babu iska ba a liƙe ta, sai sabuwa, shi kuma ba ya ajiye irinta, sai gobe ko jibi. A Kano da tuni wani mai faci a gindin bishiya ya sallame mu. Umma ta sunkuyo kusa da kunnena ta ce, "To ai mijin naki bai yi ƙarya ba, 'yar nan. Ba ta facin." A wurinmu hujin ma faci ne, liƙin ma faci ne, shi Dakta ya ɗauki na farko, tayar ta ba shi na biyu. Ban iya dariya ba, don na ga agogo.

Dakta ya kira motar haya ta waya. Wadda ta zo ƙarama ce, akwatuna suka cinye but da rabin kujerar baya, wurin mutum biyu ya rage. Babu lokacin jiran wata. Shi ne zai yi wa Umma Turanci a wurin awon kaya, dole kuma wani ya tsaya da motarmu. Ba sai an faɗi wanda zai tsaya ba.

A bakin shagon muka yi sallama, ruwa yana feso mu, direba yana danna hon. Umma ta dafa kan jaririyar, ta ce in riƙa shan kunun kanwa, kada in yi wasa da ruwan zafi. Duk maganar da na tanada ta maƙale, na ce, "Allah Ya sauke ku lafiya, Umma." Na tsaya tsakanin tsofaffin tayoyi ina kallon motar har ta sha kwana. Ban san ko ta waiwayo ba, akwati ya tare gilashin baya.