Shamuwa da Jirgin Karana

Shekarar da babana ya dawo daga ci-rani a Kano da labarin jirgin sama, ni da ɗan baffana Habu ba mu sake zama ba. Kakar ta yi albarka, kara ko'ina a Matamaye. Mukan feƙe shi, mu ɗaura fukafukai da zare, mu hau tudun bayan gari mu cilla. Sai dai jirgin fari ne, sararin ma fari fat. Da ya ɗaga sai ya ɓace wa ido. Uku na rasa a sati guda, Habu kuma ya rantse nawa ba ya tashi, faɗuwa yake a bayana.

Ran na ukun na shigo gida da kumburarren baki. Kakarmu Iya Dije ta hura wuta bayan magariba, jikoki sun kewaye ta, tana gasa mana gyaɗa.

"Maigidana, wa ya taɓa min kai?" in ji ta. Haka take tsokanata.

Na faɗa mata. Ta yi dariya har da tari, sannan ta buɗe tatsuniya ta ce, "To ga ta nan, ta biyo hayaƙi." Muka ce ta sauko mu ji ta.

Wai da can Shamuwa fara ce sol. In ta ja ƴaƴanta tafiyar damina, sai ta shige gajimare su neme ta su rasa, su watse suna kuka. Da abin ya ishe ta, ta sauka a marina ta ce wa marini, "Tsoma ni a baba." Ya tsoma kai da baya da fukafukai. Zai tsoma ciki ta ce, "A'a, bar min nan. In sun ga baƙi su san ina nan. In farin ya walƙa su san na juya."

Iya ta miƙo min gyaɗa ta ce, "Tashi sama ba wuya, maigida. Naka su gan ka, shi ne aiki."

Da safe na roƙi marinin unguwarmu ya tsoma min fukafukan, na bar cikin fari. Na cilla. Habu da bakinsa ya yi ihu, "Ga shi can! Ya juya! Ya nufi hanyar Kance!" Muka bi shi a guje har gindin wata kuka, muka ɗauko abinmu.

Na girma na zama direba, na yi shekara ashirin a hanya. Duk garin da na sauka sai na aika saƙo gida, saboda maganar Iya.

Bara jikana ya zo daga Damagaram da ɗan jirgin da ake juyawa daga ƙasa da na'ura, ruwan toka. Ya tashe shi, ya tsaya yana ƙyafta ido, bai san gaba jirgin ya yi ko baya ba. Na ce, "Sauko da shi, abokina. Je ka samo fenti, sannan ka zo ka zauna. Ina da labari."