Aishatu Tela Ta Koma Aji Ɗaya

Duk wanda ya san layin teloli a kasuwar Sabon Gari ya san Aishatu, wata doguwar mace marar yawan magana, wadda mata ke tasowa har daga Samaru su kawo mata ɗinkin biki. A Dogarawa aka haife ta. Bokonta ya tsaya a aji huɗu, shekarar da mahaifiyarta ta kwanta ciwo aka rasa mai ɗora tukunya. Ɗinki kuwa a hannun wata Bayarabiya ta koya, Mama Busola, tun tana yanke zare har ta kai ga yanka shadda ba gargada. Mijinta Bappa direban tirela ne, zamansa a hanya ya fi zamansa a gida. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, Naila.

Naila tana shekara uku sanƙarau ya kama ta. Ta tashi, amma kunnuwanta ba su tashi ba. 'Yan kalmomin da ta fara iyawa suka zube ɗaya bayan ɗaya, har gidan ya yi tsit. Da sannu uwa da 'ya suka ƙirƙiro tasu maganar ta hannu. Shafa haɓa yana nufin Baba, murza tafin hannu yana nufin keken ɗinki. Ba mai gane wannan yaren sai su biyu.

Da yarinyar ta isa shiga makaranta, Aishatu ta ji a rediyo cewa doka ta wajabta wa kowane yaro karatun firamare, kuma makarantar gwamnati ba ta da ikon mayar da kowa. Ta ɗinka wa Naila yunifom da kanta, ta riƙo hannunta zuwa firamaren unguwarsu. Shugabar makarantar, Malama Keziya Shekari, dattijuwa ce da ta kusa ritaya. Ta saurare ta har ƙarshe, ta jawo rajista ta rubuta sunan.

"Maman Naila, doka ta ce in karɓe ta, ga shi na karɓa," in ji ta. "Amma ba zan ɓoye miki ba, ba ni da malami ko ɗaya da ya iya maganar kurame. Yaran aji ɗaya sun haura ɗari, malaminsu guda. Zan rubuta in nema."

"Malama, ai in ta zauna cikinsu za ta tsinci wani abu."

Abin da Naila ta tsinta shi ne dunguri da dariya. Malami yana magana fuskarsa na ga allo, ita tana kallon ƙeyarsa. In yara sun tashi ta tashi, in sun zauna ta zauna. Wata ranar Laraba aka kaɗa ƙararrawar komawa aji bayan hutun tara, kowa ya ruga, ita kuwa tana tsugune tana wasa da duwatsu. Da ta ɗago ta ga fili wayam, sai ta ɗauka an tashi. Makarantar ba katanga. Ta miƙe ta nufi titi. Ɗan acaɓa ya yi ta danna oda, bai san ba ta ji ba, ya kauce iya ƙoƙarinsa amma sai da ƙarfen babur ya ɗebe ta. Hannunta na hagu ya karye.

Aishatu ta rantse ta gama da makaranta. Da aka cire ɗauri, ta riƙa tafiya da ita shago, ta zaunar da ita kan buhun ƙyallaye tana jera maɓallai.

Ana nan sai ga Malama Keziya har cikin kasuwa, da jakarta a hammata. Bayan sun gaisa ta duba hannun Naila, sannan ta zauna a benci.

"Ba da faɗa na zo ba. Yaron da ya daina zuwa, wajibina ne in bi sawunsa, in ya ci tura in kai rahoto. Daga nan iyaye ake kira, gargaɗi ne da fari, yana iya kaiwa ga tara."

Aishatu ta cire ƙafa daga kan keke. "To Malama, ki gaya mini yadda zan yi. In na kai ta, titi ya cinye mini ita. In na ajiye ta, na taka doka. Malamin da kika ce za ki nema fa?"

"Har yau shiru. Katangar ma na nema." Malama Keziya ta sunkuyar da kai. "Akwai makarantar kurame ta kwana a Kaduna."

"Yarinyar da ko ciwon ciki ba za ta iya faɗa wa kowa ba sai ni?"

Ran Litinin Aishatu ba ta buɗe shago ba. Ta saɓi kujerar tsuguno, ta shiga aji ɗaya ta zauna a gefen 'yarta. Malami na faɗa, ita tana juyawa da hannu. Yara suka yi dariyarsu har suka gaji. Haka ta riƙa yi kullum, sai bayan azahar take isa kasuwa, ta tarar masu ɗinki sun gaji da jira. Wata ta zo ta kwashe atamfofinta ba ko sallama. Bappa ya dawo ya ga halin da ake ciki, ya ce ta yi wa kanta faɗa, kada a rasa karatun a rasa sana'ar. Ta ce ta ji.

Ƙirga bai ba ta wahala ba, yatsu na nan. Haruffa ma Naila ta kama siffarsu, ta iya rubuta sunanta. Amma ran da malami ya ce "ba" da "ki" su ne "baki", Aishatu ta ɗaga hannu ta rasa abin da za ta yi da shi. Yaya ake nuna sauti ga wanda ya manta akwai sauti? Naila ta zuba mata ido tana jira. Ranar Aishatu ta fita bayan aji ta yi kuka mai isarta, ta wanke fuska a bakin rijiya ta dawo.

Kafin ƙarshen zango mai duba makarantu ya zo. Mutum ne mai ladabi, ya ji labarin ya girgiza kai, amma ya ce ƙa'ida ba ta yarda babban da ba ma'aikaci ba ya zauna cikin yara a aji, domin kariyar yaran ne. Ya ce zai sa maganar malamin kurame a rahotonsa.

Washegari Malama Keziya ta sa aka mayar da mazaunin Naila jikin taga. Aishatu ta tsaya daga waje, a inda inuwa ke ƙarewa da hantsi. Can take har yanzu, gyale a ka saboda rana, kunnenta na wajen malami, hannuwanta cikin taga. In damina ta sauka takan zo da leda ta rufa. Naila ta shiga aji biyu bana, kuma littafin aji biyu ya fara fin ƙarfin uwar.