Gaggafa a Kan Allon Gargaɗi

Har in bar duniya ba zan manta da ranar da na kai wa Baba Yohanna takardar tuhuma ba. Zamanin Jihar Gongola ne, ina mataimakin jami'in kiwon kifi a Mubi, aikina kula da wata ƙaramar madatsar ruwa ta wajen Muchalla. Tun da aka datse rafin, kifin nan bargi ya yi ta raguwa har ya kusa ƙarewa. Sai ofis ya sa aka zuba ƙanana a madatsar, aka hana kamun kifi a wurin, aka ɗauki Baba Yohanna gadi. Tsoho ne manomi, kuma da gadin nan yake riƙe jikokinsa uku.

Ogana mutum ne mai son tsabta, ko takarda ce ta karkace a kan teburinsa sai ya gyara ta. Da ya zo zagaye bayan damina ya ga ciyawa ta rufe bakin ruwa, ransa ya ɓaci. Ya ce a nome ta tas, a kuma kafa allo mai tsawo wanda za a hango tun daga hanya, a rubuta "An hana kamun kifi".

Baba ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ciyawa ɗin nan shi ne gidan bargi. In kun cire, zai zauna a fili."

Na ce, "Baba, umarni ne daga sama." A lokacin ina ji da satifiket ɗina, gani nake tsohon bai san kan aiki ba. Aka nome ciyawar, aka kafa allon.

Sanyi na shigowa muka fara tsintar kawunan kifi da ƙayoyi a gindin allon, kusan kullum. Ƙa'idar aiki ita ce duk wata in rubuta rahoto, in an yi ɓarna in faɗi wanda nake zargi. Baba ya ce tsuntsu ne. Na rubuta haka, Oga ya dawo mini da rahoton, ya ja layi da jan biro, ya ce gwamnati ba ta tuhumar tsuntsu, in nemo mutum. Mutum ɗaya ne a wurin. Na buga takardar tuhuma da hannuna, wadda in ma'aikaci bai ba da gamsasshiyar amsa cikin kwana uku ba, aikinsa ya tafi.

Da na karanta masa ita, Baba ya ce, "Malam, ni da matana muna da tukunya. In ni ne ɓarawo, ɗanye zan ci? Kuma a gindin allo na gwamnati?"

Kunya ta kama ni, amma na ce ya dangwala yatsa ya karɓa.

Rana ta uku da hantsi Oga ya iso da kansa, cikin farin kaftani, takardar sallama na aljihu. Ya tsaya gaban allon yana yi wa Baba lacca a kan riƙon amana. Baba ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri ka matsa gindin itace can. Lokacinsa ya yi."

"Lokacin wa?"

"Mai laifi."

Da ƙyar na lallaɓa Oga muka koma inuwa. Ba mu yi minti goma ba sai ga gaggafa, irin waɗanda kan biyo ruwa lokacin sanyi, ta sauka a kan allon kamar don ita aka kafa shi. Shi bargi yakan taso sama ya shaƙi iska, ga shi babu ciyawar da zai ɓuya a ciki. Ta duba, ta faɗa ruwa, ta fito da ɗaya yana mutsu-mutsu, ta dawo daidai kan rubutun "An hana" ta hau kalaci. Da ta gama ta saki kan ya faɗo ƙasa.

Oga ya ce a nemo bindiga. Na tuna masa cewa ma'aikatan gandun daji sun hana harbin irin wannan tsuntsu, in muka taɓa ta mu ne za mu amsa tuhuma. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya juya ga tsohon, murya ƙasa-ƙasa: "To Baba, yaya za a yi?"

"A cire allo. A zuba rassa cikin mayo, ruwa ɗin nan, bargi ya samu wurin ɓuya kafin ciyawa ya dawo."

Haka aka yi a ranar, Oga na tsaye yana ba da umarni kamar shi ya kawo shawarar. Takardar sallama ba ta fito daga aljihu ba, ta tuhuma kuwa aka ce in yaga ta. Gaggafa ta ci gaba da zuwa, amma sai ta yi shawagi ta gaji kafin ta samu ɗaya.

Da motar Oga ta tashi na durƙusa na ba Baba haƙuri. Ya ce, "Ba komai, Malam. Kai ma tsoro ne ka ji."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta yi mini zafi. Ku da kuke aiki yanzu, ku sani a wannan sana'a in abu ya lalace, na ƙasa ake fara dubawa, don shi ne ba ya iya mayar da martani. Na yi shekaru bayan nan ina sa hannu a takardu iri-iri, amma ban sake rubuta sunan wani a kan laifin da ban gani da idona ba.