Rantsuwar Uwar Ɗan Fari

Duk daɗewata a aikin lauya, akwai wata safiya a Gumel da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin ina makarantar horas da lauyoyi, aka tura ni sanin makamar aiki a ofishin wani dattijon lauya, notari, wato mai hatimin shaida rantsuwa da sa hannu. A aji kuwa malaminmu ya ishe mu da magana ɗaya: kada hatimi ya sauka sai an karanta wa mai rantsuwa takarda da harshensa, ya amsa da bakinsa. Mu dai gani muke malamin ya cika naci.

Wani saurayi daga Ɗanzomo ya samu gurbin karatu a Nijar, aka ce sai ya kawo rantsuwar iyaye a kan haihuwarsa, da hatimin notari. Uban ya rasu, don haka ya zo da mahaifiyarsa da kawunsa. Ranar Alhamis zai bi motar 'yan kasuwa daga Maigatari, in babu takardar nan gurbin ya kuɓuce.

Maigidana, wato dattijon lauyan, ya ce in karanta mata takardar da Hausa. Na karanta, na ce, "Inna, wannan ɗanki ne?"

Ta ja mayafi, ta kau da kai. "Ɗan su wane ne dai," in ji ta, tana nuna kawun.

Ashe ɗan fari ne! Ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, balle ta ce nata ne a gaban mutane.

Kawun ya yi dariya ya ce, "Haba 'yata, duk Ɗanzomo an san ita ta haife shi. Ta dangwala kawai mu kama hanya."

Wallahi ta ba ni tausayi, amma ni da taurin kai kamar gadonsa na yi. Na roƙi kawun da saurayin su ɗan ba mu wuri. Maigidana ya gane nufina, ya ɓoye fuska a bayan jarida, kunne dai a buɗe. Na sauko ƙasa kusa da ita na ce, "Inna, ba sai kin kama suna ba, ni zan faɗa. Amma in ba ki amsa ba, karatun yaron nan ya tashi."

Ta daɗe tana murza bakin mayafi. Can ta ce a hankali, "Ni na haife shi. Da damina ne, gero ya fara fitar da kai."

Ta dangwala, maigidana ya buga hatimi. Da na fita kiran su, na tarar da saurayin a gindin taga yana share hawaye da hularsa. Ya ce, "Lauya, tunda nake ban taɓa jin ta faɗa ba."

Ya yi karatunsa lafiya, ni kuma har yau in na tuna sai daɗi ya kama ni. A ranar na koyi cewa lauya ba ya karya doka don kunya, ba ya kuma keta kunyar mutum don doka. Haƙuri zai yi ya nemo inda za su zauna tare.