Hajiya a Baz na Biyu

Har yau idan na tuna wannan Lahadin sai in tashi in kama zagaya ɗaki.

A Lyon na koyi alƙalancin sofbol ina ɗalibi, don zaman ɗaki ya kusa haukata ni. Ana bugun ƙwallo da sanda, mai bugun ta ruga ta taka baz huɗu, kowane kamar ƙaramin matashin kai a ƙasa. Wadda ta tsallake ɗaya, in aka kai ƙara, ta fita. Amma in wata ce ta tare mata hanya ba ƙwallo a hannunta, laifin na mai tarewa ne.

Da na koma Paris, wata Hajiya 'yar Damagaram ta riƙe ni hannu bibbiyu. Ita ta bi gida-gida a La Courneuve tana roƙon iyaye su bar 'ya'yansu mata su yi wasan, kuma duk da ta haura hamsin, ita ke tsaron baz na biyu. Ba na son abin da zai shiga tsakanina da ita.

Ran nan suka kara da 'yan Aubervilliers, ni ke alƙalanci. Wata ɗaliba 'yar Maradi daga cikin 'yan Aubervilliers ɗin ta buga ƙwallo ta zuba da gudu, ta iske Hajiya tsaye daram a kan baz, tana kallon sama tana jiran ƙwallo. Da Bafaranshiya ce da ta bi ta kanta. Ita kuwa ta kauce, har da ɗan rusunawa yadda ake wuce babba, ta ci gaba ba ta taka ba. Ta kai ƙarshe, aka yi ta tafi.

Hajiya da kanta ta kawo ƙara. "Ba ta taka ba, ka gani da idonka."

Na gani kuwa, har da abin da ita ba ta gani ba. Na cire hula na mayar, na share baz ɗin da ba ƙura a kansa, ina neman mafita. Babu.

Na ce, "Hajiya, ke kika tare hanya. Makin ya shigu."

Yarinyar ta matso, idonta ya cika da ƙwalla. "Kawu, don Allah ka fidda ni, ni na kauce."

"C'est la règle," na ce da Faransanci, wato doka ke nan, don na kasa faɗa da Hausa.

A jirgin ƙasa akwai kujeru, na kasa zama. Washegari na kira Hajiya. Ta ɗauka, ta gaishe ni tsaf: gajiya, aiki, sanyi, mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. Shekara shida "ɗana" take ce mini. Da ta gama ta ce, "To Malam, akwai magana?"