Tafiyarmu Accra Saboda Bayan Malam

Ƙarar buta ce ta fara. Na ji ta faɗi a siminti, na leƙo na tarar da maigidana, Malam, dafe da bango tsakanin famfo da ɗaki. Ya ce ƙafafunsa ne suka mutu. Shi ke limancin masallacin layinmu a Zango, kuma an jima ana ƙorafin ya koma gajerun surori, ruku'u kuwa sai ka ce ba zai ɗago ba. Likitan unguwa ya tura mu wurin likitan ƙashin baya a Accra.

Kumasi zuwa Nkawkaw

Bayan asuba muka fita, na bar autanmu Bashiru wurin maƙwabciya. Daga bakin titi zuwa motar Accra sau biyu Malam yana tsugunawa. Yaron mota ya ce, "Baba, in goya ka?" Malam ya ce, "Goya kayanka dai." A zaune lafiya lau yake, har da gyangyaɗi. A Nkawkaw ya sauka alwala, ya dawo a duƙe. Waken da na saya kasa ci na yi.

Accra

A Nima muka sauka wurin ƙanwata. Washegari aka tura shi cikin na'urar hoto mai ƙara, ni ina waje ina ta salati.

Likita ya tambaya me ke sa ciwon ya lafa. Malam ya ce babu. Na ce, "Malam, ruku'u fa?" Ya harare ni, sannan ya sunkuyar da kai.

Likita ya nuna mana hoton. Hanyar da jijiyoyi ke bi a ƙasan baya ce ta tsuke. Tsayuwa da tafiya na ƙara matse su, duƙawa na buɗe musu. Za a fara da magani da motsa jiki, in bai yi ba sai aiki. Ya ce in fitsari ya riƙe ko ya kuɓuce, mu taho a ranar.

Malam ya ce, "Tsayuwar salla fa?"

Likita ya ce, "Doguwa dai a'a, Baba. Ka zauna."

Komawa

Bayan mun wuce Konongo Malam ya ce, "Hajara, shekara nawa ina ganin bangon gaba kaɗai a masallaci."

Mun iso kafin magariba, mun gode Allah, mun gode wa ƙanwata ta waya da ta ɗauki nauyinmu. Malam ya aika wa na'ibinsa ya shiga gaba. Ya ɗauki kujerar roba da kansa ya fita, ya hana kowa riƙe masa. Ina kan sallaya ina jin wata murya a lasifika, hawaye na zuba.

Bashiru ya shigo a guje ko takalmi bai cire ba.

"Mma, yau kusa da ni Baba ya yi salla. Gobe ma ki ce ya zo sahunmu."